Na'urar Suya a Kicin ɗin Inna

4 ga Maris

Yaya Kuku,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da mutanen jirgin da kake ciyarwa. Ya teku, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau. Maigidana yana gaishe ka, yara sun koma makaranta, ɗinki kuma ya yi min yawa a shago har ina korar mutane. Na ba wakilin kamfaninku takardar hannu da hannu, ya ce za ta riske ka a tashar da za ku tsaya nan gaba. In ta yi wata a jakarsa ba laifina ba ne.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Inna ta ƙone. Kada hankalinka ya tashi, da sauƙi, an wanke an ɗaure. Ran Asabar tana soya wa jikoki kifin da ta saba, ta miƙa hannu za ta ɗauki gishiri, hannun rigarta ya jawo mariƙin kasko, mai ya kwararo mata a bayan hannun hagu. Ka san halin uwarka. Ta naɗe da tsumma ta ƙarasa suyar, ta raba wa kowa, ba ta ce uffan ba, sai da 'yata ta ga tsumman ya jiƙe.

Yaya Babba da ya ji, ya yi tsalle ya dire ya ce zaman Inna ita kaɗai ya ƙare. Ashe ya daɗe da gyara mata ɗaki a gidansa, har da banɗaki a ciki. Inna kuwa ta sha mur ta maimaita abin da take faɗa tun rasuwar Baba: "Ranar da na kasa dafa abin da zan ci, ku zo ku ɗauke ni. Kafin nan kada wanda ya taɓa min makulli." Da kyar na shiga tsakani. Aka tsaya a kan ba ita ba tafasasshen mai, kuma in aka sake samun matsala a kicin ɗin nan, ko gardama ba za ta yi ba, za ta bi shi.

To Inna ba suya, ai ka san ba mai yiwuwa ba ne. Shi ya sa na tuna da na'urar nan ta lantarki mai soya abinci da iska mai zafi, wadda 'yan kanti ke ce wa eya firaya. Na je na gani. Akwai ƙarama mai abin murɗawa guda biyu, in ta gama ta buga ƙararrawa. Akwai babba baƙa mai gilashi a gaba, lambobi na haskawa, da yatsa ake taɓawa. Kai ne kukun gida, ka gaya min gaskiya: abin nan yana da amfani ga girkin kullum, ko kayan ado ne da zai zauna a saman kabad yana shan ƙura? Ni dai ba abin da nake so illa Inna ta zauna a gidanta.

Ƙanwarka,
Auta

21 ga Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso jiya, na karanta ta a tsaye a bakin murhu, albasa ta kusa ƙone min. Lafiyata ƙalau, bayan ma ya lafa tunda na daina ɗaukar buhunan shinkafa ni kaɗai. Ki gaishe da maigidanki da yaran, ki yi wa Inna sannu ki ƙara, ki ce mata ɗanta ya ce ta bar ɓoye ciwo, ba yarinya ba ce.

Tambayarki kuwa a gida kika yi ta. Muna da irinta a jirgi, don ranar da teku ya tashi ba mai hankalin da zai ɗora kaskon mai a wuta. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba komai take iyawa ba. Cikinta kaɗan ne, ni mai ciyar da ƙarti ashirin da biyu sai dai in yi ta juyi kamar mai wankin asibiti. Duk abin da aka tsoma a ruwan fulawa ba ta yinsa, ɗiga zai yi ta yi. Kifi in an manta shi ya bushe kamar takalmi. Amma dankali, cinyar kaza, ɗumamen abin da ya kwana, wallahi ba ki da abin cewa. Cokali ɗaya na mai ya isa, ba fantsama, ba hayaƙi, kwandonta a wanke a minti biyu. Ga tsohuwa mai dafa wa bakinta da jikoki sau ɗaya a mako, ban ga abin da ya fi ta ba.

Sai dai don Allah kada ki saya mata mai abin murɗawar nan. Wasan yara ce, ki murɗa minti goma ta ba ki sha uku, zafin ma cinta-cinta ne. Mai gilashin ita ce kaya, abin da kika danna shi za ta ba ki daidai. Uwar da ta koya min girki ba za ta yi aiki da tarkace ina raye ba. Na gaya wa wakili ya saya ya kawo miki shago. Ki nuna mata sau biyu kawai, kin san kan Inna, za ta fi ki iyawa.

Ki ce wa Yaya Babba ya mayar da ɗakin nan nasa na baƙi.

Yayanki,
Kuku

9 ga Afrilu

Yaya Kuku,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, hannun Inna ya warke sai tabo. A gurguje nake rubutun nan, kayan makarantar yara ɗari da ashirin ne a kaina.

Na'ura ta iso, ƙatuwa, sai sheƙi take. Maigidana ya ja mata soket kusa da taga. Na nuna wa Inna sau biyu yadda ka ce, muka yi dankali, ya yi kyau ƙwarai. Ta shafa gilashin da tafin hannu ta yi ta sa maka albarka. Yaya Babba ya zo ya gani, ya gyaɗa kai, ya kwashe kasko biyu da matsami da galan ɗin mai ya sa a bayan mota, ya sa aka kwance tukunyar gas ya ce ai ga butar lantarki ga na'ura.

Kwana goma ke nan, Inna ba ta ƙona ko yatsa ba. Kicin fes, ko ɗigon mai babu a bango. Ta ce a ɗaga zuwan jikoki na Asabar har ta saba da abin.

Auta

20 ga Afrilu

Auta,

Gaisuwa mai yawa, ina lafiya. Kin faranta min rai, har sai da na yi wa mutanena kek ba dalili, kyaftin yana tambaya ko haihuwa aka yi min. Ban gaya miki ba? Kicin fes, hannu lafiya, me kuma ake nema? Zancen ɗaga Asabar kuwa na gane, so take ta ƙware a ɓoye sannan ta kira ku ta ba ku kunya. Haka ta yi lokacin da Baba ya kawo murhun gas.

Gobe za mu ɗaga, kuma wannan tafiyar doguwa ce, mako shida ko bakwai ba tsayawa. In kin ji ni shiru kada ki damu. Na tafi da kwanciyar hankali, rabona da irinta tun rasuwar Baba.

Kuku

2 ga Mayu

Yaya,

Sallama. Ina fata kana lafiya. Ni jikina lafiya, amma raina ba daɗi, kuma takardarka da ta zo jiya ta ƙara ɓata min shi. Kek ka yi? To ba laifinka ba ne, ni na rubuta maka rabin magana don rabin na sani. Inna ba ta ƙone ba don ba ta dafa komai ba. Wata guda cur.

Ran Talata na rufe shago da wuri na kai mata rigar da na ɗinka mata da awonta na bara. Ta sa, rigar ta zubo mata daga kafaɗa. Ni tela ce, Yaya, ba a yi min ƙarya da jiki. Na shiga kicin na buɗe firji, kazar da na kai mata tun ranar da aka kawo na'ura tana nan a ledarta ta yi ƙanƙara. Kwandon shara ba komai sai ledar burodi da ganyen shayi. Na jawo kwandon na'urar, a wanke tas yadda na bar shi da hannuna.

Ban nuna mata na gani ba. Na ce Inna yunwa nake ji, ki ɗan yi mana dankali. Ta ce to, ko gezau. Ta fere ta yanka, kai ka san yankan Inna, kamar da ma'auni. Ta zuba a kwando ta tura. Sannan ta tsaya gaban gilashin nan ta kai yatsa. Ta danna gefe, inda ba komai. Ta sake dannawa can ƙasa. Ta bi shi da yatsu tana laluben wani tudu ko rami, abin kuwa sumul yake ko'ina. Lambobin nan jajaye suna ta haskawa a gaban hancinta. Can ta dace da wani wuri ya yi ƙara, ta saki fuska ta juyo, alhali kashe ta ta yi.

Na ce, "Inna, lamba nawa ce a jiki?"

Sai ta jawo kujerar roba ta zauna ta ce, "Auta, shekara biyu ke nan ban ga abin da ke cikin kasko ba."

Wai abin daga gefe ya fara cinye mata gani, yana matsowa, yanzu saura ɗan haske da inuwar mutum. Gidan ta haddace shi, taku nawa daga gado zuwa ƙofa, wane gwangwani ne na sukari. Mu kuma da murya da takun ƙafa take gane mu. Na tambaye ta suyar fa? Ta yi 'yar dariya ta ce ai mai magana yake yi. In ya yi zafi akwai yadda yake cewa, in an saka kifi ya yi ta surutu, in surutun ya koma ƙasa-ƙasa a juya, in ya koma ɗan tsit-tsit a kwashe. Ta ce ranar da ta ƙone ma ba suyar ce ta gagare ta ba, ɗaya daga cikin jikoki ne ya matsar da gishiri daga inda yake zama. Wannan abin naku kuwa, in ji ta, fanka ce kawai, da ɗanye da ƙonanne duk kukansu ɗaya.

Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Shekara biyu ke nan ta daina karɓar zare da allura in ta zo shago, ta ce yatsu ne. Ta daina kallon hotunan yara a waya, ta ce hasken na sa mata ciwon kai. Ni ina zuwa sau biyu a mako ban gani ba, ina ta auna ƙugun matan mutane.

Ta riƙe hannuna ta roƙe ni kada in gaya wa Yaya Babba. Na san in ya ji, a ranar zai zo da mota. In na yi shiru kuma, na bar makauniya ita kaɗai a bene hawa na biyu. Na koma kanti na karɓo mai abin murɗawar na kawo mata, ta karɓa ta jujjuya ta ce ita ma ai a rufe take, ba ta jin komai, in mayar musu. Yanzu kullum ina kai mata abinci da rana a kula, tana karɓa kamar sadaka, ba ta ko ɗaga kai.

Kai kaɗai Yaya Babba yake saurara. Ka rubuto masa, ko ka rubuto min abin da zan yi. Ba zan yi motsi ba sai na ji daga gare ka.

Auta

30 ga Mayu

Yaya Kuku,

Sallama. Kowa na nan da rai. Na san ka ce za a ji ka shiru, amma sau huɗu ina zuwa ofishin wakili, har mai gadi ya fara yi min kallon mai neman aiki. Wata guda ina ɗauke da abin nan ni kaɗai. Ka zaɓo mana na'ura ka shige teku abinka. Na san ba adalci na yi maka ba, amma haka nake ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Ba sai ka rubuta wa kowa ba yanzu, an gama.

Laifina ne. Na gaji da ganin tana tsakurar abincina tana turewa. Asabar ɗin da ta wuce na ɗauko ƙaramin risho na shago da kaskona da mai da kifi huɗu na kai mata. Na ce ina nan zaune, ki yi. Yaya, da ka ga uwarka. Ta gyara ɗaurin zani, ta jera komai da hannunta, ta ce in yi mata shiru. Ta karkata kai gefe kamar mai sauraron rediyo. Ba ta taɓa kifin nan ba sai sau ɗaya, ta juya, ta kwashe. Ban taɓa cin irinsa ba, ko kai ba ka kai nan ba, ka yi haƙuri. Ta ci ɗaya da rabi, har tana tsokanata wai mijina haƙuri yake da girkina.

Muna cikin haka Yaya Babba ya turo ƙofa, tun daga matakala ya jiwo ƙamshi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dubi rishon ya dube ni. Ya ce wa Inna ga na'ura an kawo don a huta, me ya hana ta? Ta ce ba ta saba ba ne. Ya ce to ta kunna ya gani, shi ma ya koya. Ta tashi ta nufi wajen taga. Ni kuma da safe na matsar da na'urar kan firji don in sami wurin risho, na manta ban gaya mata ba. Ta tsaya inda na'urar take zama a da tana danna iska.

Washegari muka je asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu, da an zo shekara biyu baya da an tsare abin da ya rage. Ya ba da maganin ɗigawa don kada ya yi ciwo, shi ke nan.

Inna ba ta yi gardama ba. A mota ta ciro makulli daga bakin zaninta ta miƙa, ba ma ta saitin Yaya Babba ba, ni na karɓa na ba shi. Ran Laraba muka kwashe kaya.

Auta

14 ga Yuni

Auta,

Sallama. Mun iso jiya, aka miƙo min takardunki biyu a haɗe. Na fara buɗe ta biyun bisa kuskure, ban gane komai ba, sannan na koma ta farko. Ban iya yin abincin rana ba, mataimakin injiniya ne ya dafa musu taliya.

Ki zage ni, kin yi daidai. Ni da nake cika baki uwata ce ta koya min girki, na manta yadda ta koya min. Bayana take sa ni in juya wa kasko, ta ce in gaya mata lokacin juyi. Har yau haka nake yi a nan, yaran jirgi suna cewa ina da ido a ƙeya. Na san wannan sarai, na tashi na aika mata da akwatin da ba ya magana, don in burge. Baƙin cikin nan ban san inda zan kai shi ba.

Na nemi a sallame ni, sun ce sai an samu wanda zai karɓe ni, wata huɗu aƙalla. Ki roƙar min Yaya Babba kada ya saki hayar gidan. In na dawo zan zauna da ita a can, in bar teku gaba ɗaya, ta soya abinta ina tsaye a gefe. Ki karanta mata wannan, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ki ce ta yafe min.

Kuku

1 ga Yuli

Ɗana,

Ni ce Inna, Auta ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Lafiyata lau. Ka kula da bayan nan naka.

An karanta min takardarka har sau biyu. Ba abin da ka yi min sai alheri, ni ce na yi ɓoyo, kuma da ma ranar tana tafe. Kada ka bar aikinka saboda ni, ban yarda ba. Mutum ashirin da biyu suna jiran hannunka, ni na san daɗin wannan.

Na'urarka ba ta yi asara ba. Tana nan a kicin ɗin matar yayanka, kullum sai ta kunna, ta ce ba ta san yadda take yi da can ba. Yara suna ta murna da dankali. In wani ya tambaye ka ka ce ya saya, abu ne mai kyau ga mai ido.

Suna kula da ni ƙwarai. Matar yayan naka ko cokali ba ta bari in ɗauka. Shekaranjiya na lallaba na bi bango har ƙofar kicin, na ce a ba ni albasa in yanka, ta rungume ni ta ce haba Inna, ai kin gama naki, ta rako ni ɗaki ta kunna min fanka. Ban ji haushinta ba, gidanta ne, kuma ban san inda wuƙarta take ba.

Zancen gida kuwa ka bar shi. Mai gidan ya riga ya zuba wasu, ango da amarya, an ce sun sake fenti. In ka sauka kada ka nufi can, ka zo nan kai tsaye. Ka faɗi abin da kake marmari tun da wuri a gaya wa matar yayanka, za a dafa maka. Ni ma dafa min ake yi.

Mahaifiyarka